Gyarar da Na Yi wa Bature

Tun da Garba Tela ya fara ginin nan nasa a GRA, ba ni da sakat a rumfata ta hatsi a Babbar Kasuwa. Mutum zai zo sayen gero, mu gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki, sai ya rage murya ya ce, "Malam Iro, ashe ba tare kuka tahi Turai da Garba ba?" Tare muka tafi. Shi ya zauna ya yi kumatu, ni na dawo da tabon ƙuna a hannu. Na gaji da bayani da baki, shi ya sa na rubuta. Na yi aji huɗu a firamare, saboda haka ina da ikon rubuta tarihi. Garba kuwa ko inuwar makarantar boko bai taɓa zama ba.

Ga wanda bai san mu ba, Garba ɗan gwaggona ne, taubashina. Shi ɗan mace, ni ɗan namiji, wato bisa al'adar gidanmu a Ƙofar 'Yandaka bawana ne. Sai dai ban taɓa ganin bawan da duniya take so kamarsa ba. Baƙi ne, gajere, ga gibi, ba ya jin yaren kowa, amma duk inda ya buɗe gibin nan sai a ba shi wurin zama.

A Agadas na fara ganin haka. Wani dillali ya sayar mini da kujerar gaban mota, ya rantse ni kaɗai ne da direba. Ranar tashi na tarar da masu kujerar nan mun kai jam'in sallah, dillali kuwa ya ɓace. Aka ɗora mu a baya, kowa ya rungumi sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. Garba bai sayi komai ba. Ya ga wandon direba ya yage a mazauni, ya zaro allura daga hularsa ya kama masa. Haka muka ratsa hamada, ni ina cin yashi a sama, shi yana gaba ana miƙa masa dabino. In an tsaya sai ya leƙo ya ce, "Ubangida, yaya iskar sama? Ku manya ai ba ku son matsi."

A Sabha muka yi dakon bulo, a Tarabulus muka yi wankin mota. Wata tsohuwa Balarabiya da muke share wa ƙofar gida ta ga ƙafafunmu sun tsattsage. Ni ta ba ni safa. Garba ta ba shi takalmi. Allah Ya saka mata, safar ta yi mini amfani, amma har yau ina so in san abin da ta gani a ƙafarsa.

Maganar teku ba na son yin ta. Abin da zan ce kawai, duk wanda ya ce bai kira uwarsa ba a cikin kwalekwalen nan, ƙarya yake yi. Muka sauka a kudancin Italiya, muka yi tsintar tumatir har bayana ya manta yadda ake miƙewa. Da aka ce akwai aikin tsinkar tuffa can arewa cikin duwatsu, muka bi wasu 'yan Gana muka hau jirgin ƙasa.

A can muka faɗa hannun Rinaldo, wani tsohon Bature mai ƙaramar gonar tuffa. Muna ce masa Baba Naldo. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni, shi kaɗai yake rayuwa da karensa. Ya taɓa aikin hanya a ƙasashen waje, yana da ɗan Turancin Ingilishi gutsuri-gutsuri daidai da nawa, saboda haka ni ne tafinta. Mutumin kirki ne. Bai taɓa ba mu naman alade ba, kuma da ya ga muna sallah a kan kwali, sai ya kawo mana shimfiɗa.

Da tuffa ta ƙare, sanyi ya fara leƙowa daga kan duwatsu, ma'aikata suka watse. Mu muna kwana a wata rumfar ajiye akwatuna wadda iska take shiga ta gabas ta fita ta yamma. Ran nan Baba Naldo ya zaunar da mu ya ce yana da ɗaki guda a saman garejinsa, mai na'urar ɗumama ɗaki, kuma zai iya sa hannu a yi wa mutum ɗaya takardar aiki, don yana bukatar mai taimaka masa. Mutum ɗaya. Ya ce zai duba ya gani kafin ƙanƙara ta sauko.

Na fassara wa Garba, ban rage komai ba, Allah ne shaida. Ya ce, "To ai shi ke nan, ubangida ya hau sama, bawa ya kwana da kare." Yana faɗa yana dariya. Ni ban yi dariya ba, don na san tarihin kujerar gaba.

A kwanakin nan ne tsohon ya fito mana da abin da ke cin ransa. Ashe ya daɗe yana haɗa giyarsa a gareji, amma da wani abu mai kauri kamar maɗi da ake sayarwa a gwangwani, a zuba ruwa kawai. Abokansa tsofaffi, da suke haɗuwa kowace shekara kowa ya kawo tasa a ɗanɗana, suna yi masa dariya wai shi mai dafa gwangwani ne. Bana ya ƙudura zai yi ta tun daga ƙwayar hatsi, karo na farko a rayuwarsa. Ba shi da tarin tukwanen da masu abin suke amfani da su, amma ya ji akwai hanya mai sauƙi: tukunya ɗaya, buhu ɗaya. A zuba ɓarzajjen hatsi a buhu, a tsoma a ruwan zafi, a bari ya jiƙa ya saki zaƙinsa, a ɗaga buhun, ruwan ya rage a tukunya.

Da na ji an ce hatsi, sai na ji kamar an kira sunana a lasifika. Kakana hatsi ya sayar, ubana hatsi ya sayar. Na ce a raina, ɗakin saman gareji ya zama nawa.

Saura maganar halal da haram. Ni ba malami ba ne, amma na yi zaman zaure, don haka na zauna na yi wa kaina fatawa. Sha'ir halal ne. Ruwa halal ne. Buhu bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Abin da ke ɓata lamarin shi ne yis ɗin da ake zubawa daga ƙarshe, wanda zai kwana yana aiki har abin ya zama abin da ya zama. Kafin nan, kunun zaƙi ne na Turawa. Saboda haka aikina zai tsaya a bakin yis. Malaman da na gaya wa bayan na dawo ba su yaba da wannan fatawa ba, na kuwa yi istigfari. Amma su ba su kwana a rumfar akwatuna ba.

Na tambayi Garba matsayinsa. Ya ce, "Ni tela ne. Na sha ɗinka wa ɓarayi wando a Katsina, ba a taɓa zuwa kama ni ba."

Aka shiga shiri. Ban taɓa ganin mutum ya wahalar da kansa a kan abin sha kamar Baba Naldo ba. Kullum da yamma muna gareji, yana lissafi. Yana son ta fito fara-fara, launin zuma, marar nauyi. Ya sayo sha'ir da aka tsirar aka busar, iri uku: fari, wanda shi ne uwar tafiya, da ja mai ɗan zaƙi, da wani baƙi ƙirin da aka gasa kamar gahawa, wanda ya ce ɗan kaɗan ake sawa don launi. Ya lissafa ruwan da hatsi zai shanye, da wanda zai tafi a tururi, da wanda zai rage. Ya ce ruwan kada ya tafasa lokacin jiƙo, in ya tafasa zaƙin ba zai fito ba. Wannan ban yi musu ba, don gwaggona, uwar Garba, haka take cewa in za ta zuba gasarar tsiro a kunu: a bari ya sha iska tukuna.

Na tauna farin sha'ir ɗin na ce masa ya bushe da kyau. Na nuna masa ɓarzar da injinsa ke yi ta yi laushi, za ta toshe buhu, a sassauta. Ya gyaɗa kai ya ce, "Iro, kai ka san hatsi." Na juya na fassara wa Garba wannan sau biyu, ko bai ji na farko ba. Na kuma ba da shawarar a sa citta da kanumfari. Tsohon ya dube ni kamar na ce a sa kananzir. Shi wani busasshen fure mai ɗaci yake sawa, wanda na ɗanɗana sau ɗaya na yini ina tofar da yawu.

Sai matsalar buhu ta taso. Tukunyarsa tsohuwar tukunyar madara ce ta gidan surukansa, mai faɗin baki, duk buhun da ya gani na sayarwa bai kai ta ba. Yana cikin ƙorafi, Garba ya tashi ba tare da ya nemi tafinta ba, ya je tagar falo ya kama wani farin labule shara-shara ya murza shi tsakanin yatsu. Ya nuna tukunya. Ya nuna wani abu da aka lulluɓe da zane a lungu. Keken ɗinkin marigayiya ne, ba a taɓa shi ba tun da ta rasu.

Baba Naldo ya je da kansa ya yaye zanen.

Garba ya sa wa keken mai, ya zauna, ya fara taka shi. Tsohon yana tsaye a bakin ƙofa. Da ƙarar keken ta cika gidan, sai na ga ya cire tabarau yana goge ido da bayan hannu. Ni kuwa haushi ya kama ni. Na yi makonni ina tauna sha'ir kamar akuya, wannan gajeren ya zo da ƙafa ɗaya ya taka zuciyar mutum.

Na ce masa da Hausa, "Kai dai munafuki ne, bawan banza."

Ya ce, "Riƙe mini bakin nan, ubangida, kada ya karkace."

Na riƙe. Ya yi wa buhun ɗinki biyu, ya kewaye shi da igiyar zuge, ya sa masa hannaye huɗu da suka zagaya ta ƙarƙashi. Ba na son yabonsa, amma buhu ya yi.

Ranar aiki, da safe, tsohon ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi sosai, ni zan auna hatsi. Ya ba ni wani ɗan sikelin kicin, wanda kwanonsa bai fi cin tiya guda ba, ya gaya mini awo nawa na fari, nawa na ja, da ɗan mitsitsin na baƙi. Shi da Garba suka tafi ɗora ruwa da ɗaura ƙugiya a jikin katakon rufi, wadda za a ja buhun da ita.

To a nan nake so mai karatu ya yi mini adalci. Na auna daidai. Kowane awo sai da lamba ta tsaya cak inda aka ce. Amma ni ɗan hatsi ne daga Katsina. A gidanmu ba a taɓa juye awo a buhun mutum a bar shi haka tsirara ba. In ka auna, sai ka sa hannu ka ɗebo gyara ka bi shi da ita. Ubana yana cewa wanda ya hana gyara, ranar da ya mutu mutane za su zo jana'iza amma ba za su zauna ba. Ko wanda ka tsana kana yi masa gyara. Balle mutumin da ya ba ka shimfiɗar sallah.

Saboda haka kowane awo na bi shi da gyararsa. Da yake kwanon ƙarami ne, awon ya yi yawa, gyarar ma ta yi yawa. Jan sha'ir na yi masa hannu biyu-biyu don na ga yana da kyau. Da na zo kan baƙin, na dubi abin da aka ce in sa, ko cikin tafin hannu bai cika ba. Na ji kunya ta kama ni a madadin tsohon. Na ce wataƙila tsada ce ta sa yake tsumulmula. Na yi masa gyara irin ta ranar sallah.

Aka ɓarza, ruwa ya yi zafin da ake so, aka shimfiɗa buhu a tukunya. Ina zuba hatsi Baba Naldo yana juyawa da muciya. Tun ana saura kusan kwano biyu ruwa ya iso baki. Ya ce in dakata, ya duba lissafinsa, ya ce ba zai yiwu ba, in ci gaba. Na ci gaba. Tukunya ta yi ambaliya, ruwa ya kashe wutar gas, kare ya zo yana lasar ƙasa. Tsohon ya dafe kai yana cewa ya yi makonni yana wannan lissafi. Ya dubi ruwan, maimakon launin zuma ya ga launin kunun kanwa da ya ƙone.

Garba ya dubi tarin hatsin, ya dube ni. Ya matso ya ce a hankali, "Iro, gyara ka yi mashi?"

Na ce, "To da mi zan yi? Tukunyarsa ce ƙarama."

Ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Bai ce wa tsohon komai ba. Ko ya so faɗa ma, da wane baki, tunda ni ne tafinta?

Aka kwashe ruwa kaɗan, aka rufe tukunya, aka naɗe ta da bargo kamar mai zazzaɓi, muka zauna jira wajen awa guda. Da aka buɗe, wani ƙamshi ya bugi hancina. Baba Naldo ya ɗebo a kofi ya miƙo mini, ya ce babu komai a ciki tukuna. Na kurɓa. Jama'a, kunun zaƙin gwaggo ne, har da ɗan ƙaurin gindin tukunya. Ina tsaye a garejin Bature, ga duwatsu farare fat ta taga, sai ga ni a tsakar gidanmu ana kiran sallar magariba, an jera kwanoni. Na juya na yi kamar tururi ne ya shiga mini ido. Na miƙa wa Garba. Shi ma tururin ya same shi.

Saura ɗaga buhu. Aka rataya hannayensa a ƙugiya, Garba ya ja igiya. Buhu ya taso yana zubar da ruwa, ya kumbura kamar cikin saniya. Ƙugiyar an saye ta ne daidai nauyin da ke cikin lissafi, ba ta san da gyara ba. Muka ji katako ya yi ƙara, sai ta tsinke. Ni ne kusa. Na tari buhun da hannu biyu kafin ya faɗa tukunya ya watsa wa tsohon ruwan zafi a fuska. Na rungume shi, yana cin fatata, har Garba ya zo ya kama ɗaya gefen muka ɗora shi a kan wani ƙarfe bisa bakin tukunya.

Baba Naldo ya sa mini hannu a ruwan sanyi, ya shafa mini magani, ya yi ta godiya. Ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma yana gamawa ya koma wajen buhun, ya bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa. Ko zare ɗaya bai saki ba. Ya ce ƙarfe ya karye, katako ya tsage, lissafinsa ya ci amanarsa, labulen matarsa ne kaɗai ya tsaya. Ya rungume Garba. Sannan ya ce in fassara masa cewa ɗakin nasa ne.

Na fassara. Aikin tafinta ke nan.

Ban tsaya ganin zuba yis ba, bisa fatawata. Garba ya so ya riƙa shigo da ni ɗakin a ɓoye, na ce ubangida ba ya raɓewa a ɗakin bawa. Ya ɗinka mini wata riga da tsohon bargon da aka naɗe tukunya da shi, mai warin sha'ir. Ita na sa na gangara birni, na yi 'yan watanni ina kwana a tashar jirgi da gidajen taimako, har aka haɗa ni da masu mayar da mutane gida. Rigar tana nan. Ɗinkinta bai saki ba, abin haushi.

Ina gida Garba ya bugo waya yana dariya har yana tari. Wai giyar ta fito baƙa, mai ƙarfi, tsofaffin nan sun sha sun miƙe tsaye suna tafa wa Baba Naldo, sun ce ba a taɓa kawo irinta ba. Kuma tsohon ya manna wa kowace kwalba suna. Na ce wane suna? Ya ce, "Garba."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ranar hisabi da sunanka za a kira ta."

Na faɗi haka ne, amma ranar ban ci tuwon kirki ba. Ko a zunubi sai an fifita shi.

Daɗin abin ɗaya ne. Shekara ta zagayo, suka bi lissafin tsohon daidai, ta fito fara salam, abokai suka ce ina ta bara? Lokacin Garba ya fara jin yarensu, ya yi masa bayanin gyara. Suka bugo mini, Baba Naldo ya karɓi waya ya ce, "Iro, gyara giram nawa ce?" Na ce ba ta da giram, ya danganta da fuskar mai saye. Garba ya gwada yin tasa, ba ta yi ba, kuma ba za ta yi ba. Hannun tela ya saba rage ƙyalle ya ɓoye a ƙarƙashin keke, ina zai iya ƙari?

Bara ya zo duba gininsa. Ya iso rumfata da shadda tana ƙara, muka gaisa, ya zauna a kan buhun masara ya ce in auna masa tiyar gero. Na lura ya ɗaga waya ya saita ta a kan hannuna, wai yana duba saƙo, alhali hoton gyarata yake so ya kai wa Baba Naldo. Na cika tiya, na sa gefen hannu na share ta ƙwal, na juye masa a leda, na ƙulle.

Ya ce, "Ubangida, gyara fa?"

Na ce, "Ka ci taka tun a Italiya."

Ya yi dariya har gibinsa ya fito, ya ɗauki ledarsa ya tafi. Ni kuwa hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, don tunda nake ban taɓa sallamar mutum haka ba. Wata tsohuwa ce ta zo bayansa sayen rabin tiyar dawa, a kanta na huce da gyara. Har yau tana gaya wa mutane wai Malam Iro ya fara ruɗewa.